An Sace Otis Har da Maganin Kunnensa

Wayar ofishin 'yan sanda ta yi ƙara da safiyar Litinin, Sufeto Wanda Petrash ko kurɓar kofinta ba ta yi ba. Makon buɗe farautar barewa ne, kuma a garin nan da zarar an buɗe farauta sai ciwon baya na ƙarya ya kama rabin maza, har da 'yan sandanta. Ita kaɗai ta rage, sai Saje Pruden da ke gadin waya don ƙafarsa na cikin filasta.

"Sata ce, ranki ya daɗe," in ji Saje, ya toshe bakin wayar da tafin hannu. "Gidan Tessier."

"Me aka ɗauka?"

"Otis."

Sufeto ta lumshe ido ta ja dogon tsaki. Duk garin ba wanda bai san Otis ba. Kare ne ruwa-biyu, irin da ake kira dudul: uwarsa mai ɗauko wa maharba agwagwa daga ruwa, ubansa fudul mai murɗaɗɗen gashi. Ya ɗauko girman uwa, ya ɗauko gashin uba, hankali kuwa bai ɗauko na kowa ba.

"Ka ce su duba bayan shagon nama."

"Sun duba. Kuma matar gidan ta riga ta rubuta a shafin unguwa na intanet cewa maƙwabcinsu ne, Baba Stan. Jiya an yi wa ƙofarsa ruwan ƙwai. Ga shi rediyo na cewa da yamma sanyi zai sauko, irin mai fasa bututun ruwa."

Ta ɗauki hularta. Shekarunta ashirin da wani abu a aiki, yau ga ta za ta fita neman kare.

Colleen Tessier ce ta buɗe mata ƙofa, idanu sun kumbura suntum. Jiya Lahadi ta dawo daga birnin Winnipeg, inda ta yi makonni tana jinyar mahaifiyarta. 'Ya'yanta sun girma sun watse, Otis ne ya gaje ɗakinsu da kujerarsu da duk wata kulawa da ta rage a gidan.

Mijinta Gord na tsaye a bayanta riƙe da faranti.

"Wanda, ga kek. Ko in dafa miki ƙwai? Zauna mana, kin sha hanya."

"Sufeto," ta gyara masa. Aji ɗaya suka yi a firamare, kuma tun lokacin ta san halinsa: in ya yi ɓarna sai ladabi ya yi masa yawa. "Yaushe ka ga karen na ƙarshe?"

"Asabar da yamma. Na sake shi a tsakar gida ya sha iska, na dawo na tarar ƙofar shinge a buɗe."

"Tsohon nan ne," in ji Colleen. "Ya sha cewa sai ya ga bayan Otis. Ɗana ne fa, Sufeto. Duk sanda na shigo gida sai ya tarbe ni da takalmi a baki, ko na wane ne. Jiya na shigo, shiru."

A kan doguwar kujera an jera kayan barci jajaye iri ɗaya guda uku, ɗaya mai ƙafa huɗu. Colleen ta ga inda Sufeto ke kallo, sai hawaye suka dawo.

"Na hoton katin Kirsimeti ne. Ran Asabar mai zuwa ne mai ɗaukar hoto zai zo. Tun bazara nake tara masa gashin nan, ban bari almakashi ya taɓa shi ba."

"Yana da wata alama da za a gane shi?"

"Kalar zuma ne, gashi har yana rufe masa ido. Kuma akwai koren fenti a gindin wutsiyarsa, tun ranar da Gord ya yi wa shinge fenti ya bar shi ya jingina."

"Wa ke kula da shi da ba kya nan?"

"Ni," in ji Gord da sauri. "Ba abin da ya rasa. Wanka ma sau biyu nake masa a mako."

"Na gaya masa komai kafin in tafi," in ji Colleen. "Tsifa kullum da matajin ƙarfe, har ƙasan fata. Maganin kunne safe da yamma, don kunnuwansa ba sa rabuwa da ciwo."

"Kawo min maganin in ga sunansa. Zan sanar da likitocin dabbobi, ko wani zai je nema."

Colleen ta buɗe kabad ɗin kicin. Ta kawar da gwangwanaye, ta leƙa, ta sake leƙawa.

"Nan yake zama. Gord, ina ka kai shi?"

"Ƙila ya ƙare," in ji Gord, yana kallon kek.

"Sabuwar kwalba na bari."

A ranta Sufeto ta ce, wannan ɓarawo akwai tausayi: ya sace kare a tsakar gida, sannan ya shigo kicin ya buɗe kabad ya ɗaukar masa maganin kunne.

Ta tsallaka zuwa gidan maƙwabci. Ta iske Baba Stan Wiebe, tsohon direban jirgin ƙasa mai zama shi kaɗai, yana kankare daskararren ƙwai daga ƙofarsa da cokali.

"Kin zo kama ni? Bari in gama, kada ya ci fenti."

"Tambaya na zo yi, Baba. An ce ba kwa shiri da karen."

"Wane shiri? Ya tone furannin marigayiya matata. Ya haɗiye min safa daga kan igiyar shanya, sabuwa. Ni ko kallonsa ba na yi."

Da ya sunkuya, wani abu ya faɗo daga aljihun rigar sanyinsa. Sufeto ta ɗauka. Biskit ne mai siffar ƙashi.

"Wannan fa?"

"Nawa ne. Likita ya ce in rage sukari."

"Baba, ni fa ban karya ba, kuma sanyi na tafe. Kada ka ƙara min aiki."

Tsohon ya ajiye cokalin. Ya yi magana yana kallon shinge.

"Kullum da safe yana zuwa nan ya zuro hanci. Nakan ba shi guda biyu. To, mene ne? Mutum ba zai yi gaisuwa da maƙwabcinsa ba?"

"Yaushe ya zo na ƙarshe?"

"Laraba."

"An ce Asabar aka sace shi."

"Su suka ce. Ni tun Alhamis ban sa shi a ido ba. Kuma kafin nan ma ba lafiya gare shi ba. In na shafa bayan kunnensa sai ya yi ƙara. Daga sama gashin lulluɓus, amma ki tura yatsa, ba ya isa fata. Kamar tabarmar goge ƙafa."

"Me ya faru ran Alhamis?"

"Da safe Gord ya sa shi a a-kori-kura suka fita. Da la'asar ya dawo da wani kare daban a gaban mota. Siriri, fari fat, kai ɗan mitsitsi, ƙafafu kamar sandar tsintsiya. Bai ma sauko da shi ba. Ya ruga cikin gida, ya fito da buhun abinci, suka yi arewa."

"Me ya hana ka faɗa tun jiya?"

"Wa ya tambaye ni? Ƙwai suka aiko."

Sufeto ta miƙa masa biskit ɗinsa. Haushin Gord ya fara cika ta, ga na Colleen, ga na dukan masu jifa da ƙwai da ba su da aikin yi.

Shagon gyaran gashin karnuka ɗaya ne a garin, na Roz Dumont. Sufeto ta shiga ta tarar da ƙarar injin busar da gashi da haushin ƙananan karnuka. Roz ta kashe injin, ta goge hannu a jikin rigar aikinta.

"Otis? Rabona da shi tun bara. Kin manta? Ɗan abin da na rage masa a ƙafa, Colleen ta rubuta a shafin unguwa wai na yi wa ɗanta kisan gilla. Mutane suka daina kawo min karnuka har kusan bazara. Ni da karen nan sai dai a hanya."

"Ran Alhamis wa ya zo?"

"Mutane da yawa. Ba na riƙewa a ka."

Tana magana tana matsawa gefe, tana ƙoƙarin tare ƙofar ɗakin baya da jikinta. Sufeto ta zagaye ta ta shiga.

A bangon ɗakin Roz ta saba rataye gashin da ta aske wa karnukan da aka bari suka dunƙule, don ta nuna wa masu su abin kunyarsu. Akwai ƙanana da suka yi ƙura. Akwai kuma wani sabo, babba, kalar zuma, ya fito a haɗe guda ɗaya kamar bargo, har da siffar baya da cinyoyi. Sufeto ta juya ƙarshensa. Ga koren fenti.

"Roz."

"Na san bai kamata in rataye shi ba," in ji Roz, murya ta yi ƙasa. "Amma wallahi ban taɓa cire irinsa ba. Na kasa zubarwa."

"Faɗa min daga farko."

"Gord ne ya kawo shi. Burushi mai laushi yake bi da shi ta sama yana kallon wasan ƙwallon ƙanƙara a talabijin, matajin ko taɓa shi bai yi ba. Sannan ya yi ta zuba masa ruwa da sabulu, wai yana kyautatawa. Gashin dudul kuwa in bai tsefu ba ya sha ruwa, sai ya ƙara ƙullewa. Har fatar ta fara gyambo a ƙasa. Ba yadda zan yi, na yi masa ƙwal-kwabo."

"Gord ya ce me?"

"Da ya gan shi sai ya zauna a ƙasa. Ya tambaye ni ko akwai gam da za a mayar da shi. Na ce sai ya yi watanni kafin ya dawo. Ya ce ban san aikina ba, shi gemunsa mako guda yake cika. Ya roƙe ni kada in faɗa, ni kuma tsoron bakin Colleen nake ji. Sai na yi shiru."

"Kina gani ana jifan tsoho da ƙwai kika yi shiru. Ina karen yake yanzu?"

Roz ta zaro ido.

"Ba a gidan ƙanwarsa yake ba? Haka ya ce min. Na gargaɗe shi, ko fitsari kada karen nan ya fita ba riga. Tsirara yake fa, Sufeto. Ba abin da ke tsakaninsa da sanyi."

Gidan ƙanwar Gord a kudu yake. Baba Stan kuwa arewa ya ce. Sufeto ta dubi taga, iska ta riga ta fara kwasar dusar ƙanƙara daga kan rufin gidaje. Ta cusa gashin a baƙar leda ta fita ba sallama.

Ta tarar da su a kicin, Colleen na buga hotunan cigiya, Gord na yanka mata salatif. Sufeto ta zazzage ledar a kan tebur.

Colleen ta ga kalar zuma, ta ga koren fenti, ta dafe ƙirji.

"Sun feɗe shi!"

"Ba wanda ya feɗe shi. Gashi ne kawai, taɓa ki ji. Aski aka yi masa ran Alhamis a shagon Roz. Gord, ina matajin ƙarfen?"

Gord ya yi tsuru-tsuru. Colleen ce ta jawo aljihun tebur. Ga mataji nan yadda ta bar shi, ko silin gashi babu a haƙoransa.

"Wanda, bari in yi miki bayani..."

"Sufeto. Kuma ba bayani nake so ba, wuri nake so. Ina ka kai shi?"

"Bukkar farautarmu," ya ce da ƙyar. "Bakin tafki. Amma yana lafiya, wallahi. Kullum da safe nake zuwa in ba shi abinci in ɗiga masa magani. Na kunna masa hita mai ɗumama ɗaki."

"Yau ka je?"

"Yau... Colleen ba ta bar ni na motsa ba. Tun da ta sauka jiya muke yawon liƙa hotuna."

"Hitar da me take aiki?"

"Ƙaramar tukunyar gas."

"Yaushe ka canja ta?"

Ya fara lissafi da ido, kuma kowa a ɗakin ya ga inda lissafin ya tsaya.

"Ku shiga mota," in ji Sufeto.

Hanyar tafki ba kwalta, ga iska na tura motar gefe. Sufeto ta kunna jiniya, abin da rabonta da yi tun gobarar ma'ajiyar hatsi, yau kuma saboda kare mai ƙwal-kwabo. A kujerar baya Colleen ta juya wa Gord ƙeya. Shi ya yi ta magana shi kaɗai.

"Na ce in ɓoye shi mako biyu, gashin ya tofo, sai in ce na tsince shi a hanya. In sata ce, ai ba laifina ba ne. Ban san za ki ambaci Baba Stan ba. Da kika ambata kuma na rasa ta inda zan fara. Abu ɗaya kika bar min in yi, Colleen. Guda ɗaya. Na ji kunya ki dawo ki ga na kasa."



Bukkar na tsaye cikin itatuwa, ba hayaƙi, ba motsi. Abin da ya fi damun Sufeto shi ne shirun. Otis kare ne da ke yi wa ganyen bishiya haushi, ga mota da jiniya har bakin ƙofa bai ce komai ba. A nan ne haushinta ya koma tsoro.

Ta tura ƙofa. Ciki da waje sanyi ɗaya. Hita ta mutu, ruwan kwano ya daskare ya zama dutse. Kwalbar maganin kunne na kan taga. Ƙasa kuwa ta cika da farar auduga, an yayyaga wani abu.

Ta durƙusa ta haska ƙarƙashin gado. Jakar barcin Gord ce aka ja can ciki aka farke, kuma cikin audugar wani abu fari na karkarwa.

"Yana da rai," ta ce.

Ta jawo jakar a hankali. Wata halitta ta ɗago kai: siririya, fata duk tabo, kunnuwa sun zube, idanu manya kamar ba nata ba.

Colleen ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi.

"Wannan ba Otis ba ne."

Karen ya ji muryar. Ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa ya tsaya a kan ƙafafun nan nasa na sandar tsintsiya. Bai nufe ta kai tsaye ba. Ya waiwaya hagu da dama yana neman wani abu, har ya ga tsohon takalmin farautar Gord a gindin gado. Ya kama shi da baki. Nauyin ya fi ƙarfinsa, sai ya ja shi a ƙasa, yana karkarwa, har gaban Colleen, ya ajiye.

Colleen ta zube a gwiwa ta rungume shi tana kuka, tana kiran sunansa. Sufeto ta juya tana duba hitar da ta riga ta san ta mutu, don ita ma idonta ya kawo ruwa, kuma hakan ya ƙara ba ta haushi.

Ta miƙe ta ciro ankwa.

"Gord Tessier, na kama ka da laifin kai wa 'yan sanda rahoton ƙarya, da barin dabba cikin halin da zai iya kashe ta. Juyo."

"Haba Wanda, benci ɗaya fa muka zauna."

"Na tuna. Lokacin ma in ka fasa abu ɓoyewa kake yi a jakata. Juyo."

"Dakata, Sufeto," in ji Colleen. Karo na farko ke nan da ta dubi mijinta tun daga gida. "Cire rigar."

Gord ya cire babbar rigar sanyinsa ba musu. Ta naɗe Otis a ciki, ta zuge zif har wuya, kai kaɗai ya leƙo. Sannan aka sa wa Gord ankwa, daga shi sai 'yar shat.

"Ke ma ba ki tsira ba," Sufeto ta ce wa Colleen suna fita. "Daga nan asibitin dabbobi za mu fara. Gobe da safe kuma ki ɗauki bokiti da ruwan zafi ki je ƙofar Baba Stan. In kin gama wankewa, ki koma shafin nan naku ki rubuta gaskiya, da sunan Roz a ciki. Da ba ta aske shi ba da fatar ta ruɓe. Kuma ki sani, tsoron bakinki ne ya sa mutum biyu suka gwammace su yi wa hukuma ƙarya."

Colleen ta dubi kan da ke leƙowa daga rigar mijinta, ta ƙara rungume shi.

Aka zaunar da ita a gaba da Otis a cinya, iskar ɗumi na busa su. Gord na baya, haƙoransa na haɗuwa. Sufeto ta kira ofis.

"Saje, an samu abin da aka sace. An samu ɓarawon ma."

"Wane ne, ranki ya daɗe?"

"Wanda ya kawo ƙara."

Ba su yi nisa ba Otis ya fara jin ɗumi. Ya zaro wuya daga rigar, ya juya baya, ya ga mutumin da ya yi makonni yana masa wanka, ya kuma kulle shi a bukka. Wutsiyarsa ta fara bugun cikin rigar. Ya zura hanci ta tsakanin ƙarafan da suka raba gaba da baya, ya shiga lasar fuskar Gord, daga haɓa har goshi.

Gord ya fashe da kuka. Hannuwansa na ɗaure a baya, ba halin ya share hawayen, ba halin ya share yawun, haka karen ya yi ta lasarsa har suka hau kwalta.